Nagoggo, Mai Auna Titi da Tafin Ƙafa

Duk mai bin hanyar Daura zuwa Baure da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne dogo siriri a kan tsohon babur, da ɗan guntun rodi ɗaure a bayansa. Da ya dawo daga masallaci a unguwarsu ta wajen Kusugu, sai ya kurɓi kokonsa ya kama hanya. Ba ya gudu. In ya iso wurin da idonsa bai yarda da shi ba, sai ya kafe babur a gefe, ya tuɓe takalmi, ya hau kwalta yana takawa a hankali, yana ƙwanƙwasa ta da rodin nan, kai a karkace yana saurare. Baƙi sukan ɗauka wani abu ya yar yake nema. Wasu direbobi kuwa sun daɗe da yanke hukuncin cewa kan dattijon ya ɗan taɓu.

Kansa lafiya lau. Sunansa Malam Amadu Nagoggo, shi ne shugaban masu facin titi na wannan yanki, kuma shekararsa talatin da biyar yana shaƙar hayaƙin kwalta. Ya ce tafin ƙafa yana jin tsagar da ido bai kai ga gani ba, rodi kuma yana gaya masa inda ruwa ya ɓarke titi ta ƙasa ya bar saman a lulluɓe. Inda duk ya ji abin da bai gamsu da shi ba, sai ya zagaye wurin da farin alli, kafin hantsi ya dawo da mutanensa da diga da shebur da baro. Ƙarshen wannan wata zai yi ritaya. Ban ji an ce za a buga masa ganga ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni sunana Munzali, malamin firamare ne a Kanyar Auta, ƙauyen da ke bakin wannan hanya. Ina rubutun nan hankalina kwance, abin da na yi wata bakwai ban samu ba. Dalili kuwa akwai hannuna dumu-dumu a cikin abin da ya kusa sa wannan bawan Allah ya bar aiki da baƙin suna. Zan faɗa, amma bari in fara da shi.

Leburorinsa sun shaida mini cewa bai taɓa zuba kwalta a ramin da bai share ba. Sai an yanke bakin ramin ya yi kusurwa huɗu, an kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa, sannan shi da kansa ya durƙusa da tsintsiya ya share ƙurar, yadda mace mai tsabta ke share ɗakinta. In an ce masa, "Baba, ai rufewa za a yi, wa zai gani?" sai ya ce, "Damina za ta gani." Sun ce ba ya cin abincin rana sai na ƙarshensu ya ajiye shebur. Mu kuma mutanen bakin hanya mun sha ganinsa ranar da ba aiki, ya tsaya yana sara reshe yana kafawa a bakin sabon rami don kada mai babur ya afka.

Amma akwai wurin da ya gagare shi, kuma a ƙofar garinmu yake. Gangaren Kanya muke kiransa. Hanya ce ta sauko ta yi kwari kafin ta sake hawa, duk ruwan gonakin gabas nan yake bi. Da bazara kwaltar wurin takan yi laushi har takalmi ya maƙale, manyan motocin hatsi da na shanu su yi mata kwarin taya. Da ruwa ya sauka sai ya shiga tsagar, kafin marka ta yi nisa wurin ya koma tafki. Mun ga buhunan gero sun jiƙe a nan, mun ga an sauke mara lafiya an tsallakar da shi a kafaɗa. Nagoggo ya yi wa gangaren nan faci ya fi a ƙirga, kowace shekara kuma sai ya dawo ya tarar da aikinsa a watse. Ya taɓa ce mini, "Malam, wurin nan kunya yake ba ni."

Bara waccan aka turo musu sabuwar injiniya, Khairunnisa, 'yar Mashi ce, ba ta daɗe da gama karatu ba. Ita ta zo da maganar da ta sa ofishinsu dariya. Ta ce akwai dabarar da ake yi a wasu wurare: a niƙa tsohuwar tayar mota a dafa garin cikin kwalta, sai kwaltar ta rage narkewa da zafi, ta kuma rage tsagewa, sannan a zuba gajerun zaruruwa a cikin haɗin don su riƙe shi. Manya suka ce yarinya ta zo da wasan makaranta. Nagoggo ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce:

"'Yata, ai ramno kike nufi."

Ta ce, "Mene ne ramno, Baba?"

Ya ce, "Ubana magini ne. Ban taɓa ganin ya kwaɓa ƙasar gini bai zuba mata yankakkiyar ciyawa ba. Ita ce ramno. Katangar da ba ramno, rana ɗaya ta bazara ta isa ta tsaga ta. Shekara talatin ina tunanin me ya sa kwalta ba ta da nata, ashe tana da shi, ni ne labari bai iske ba."

Daga ranar suka zama uba da 'ya a wurin aiki. Ita ke da lissafin awo da ma'aunin zafi, shi ke da hannu da sanin inda ake samun kaya. Shi ya kai ta wurin Mati mai guga a kasuwa, mutumin da ke yanka tsofaffin tayoyi yana fitar da guga da takalma da kwamin ban ruwan dabbobi, ragowar kuma ta taru a bayan rumfarsa har sai ya cinna mata wuta unguwa ta turnuƙe. Mati ya zare wayoyin ciki, ya yayyanka robar, Injiniya ta samo injin da ya niƙe ta ta koma kamar tsakin masara. Zare kuwa a garinmu aka samu. Mu mutanen rama ne, igiyarmu har Nijar take zuwa. Aka busar da zaren ramar ƙarau, aka daddatsa shi tsawon gaɓar yatsa. Ofis ya ce to, a gwada a Gangaren Kanya, tunda wurin ba abin da ya rage a ɓata.

Ranar gwajin tana nan a idona. Bara ne, tsakiyar bazara, rana tana dukan tsakar ka. Injiniya tana can inda ake dafa haɗin, nesa da mu, tana gadin zafinsa. Tifa ta kawo kaya yana tururi, aka juye, leburori suka baje shi da manjagara. Saura rola ta hau ta danne, sai rola ta ce ba ta san zance ba. Tana can saman tudu bayan kwana, batirinta ya mutu. Nagoggo ya sa aka lulluɓe aikin da tamfol, ya kwashi mutanensa da tifar za su je su tayar da rolar. Mu kuma muna zaune gindin kanya, ni da Maigari Dabo da dattawan gari, muna kallo. Ya ɗago mini hannu ya ce:

"Malam, ga amana. Kada ku bari akuya ko babur ya hau. Yanzu za mu dawo."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma a fili ya faɗa. Sauran duk ƙarin alherinmu ne.

Da suka ɓace bayan kwana, Maigari ya ga hayaƙi yana fitowa ta gefen tamfol. Ya dube ni ya ce, "Malam Munzali, kai ne ɗan bokonmu. Wannan zafin ba zai ƙone musu aiki ba kuwa?"

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama ginin ɗaki da bulo ba, kwana bakwai na yi ina ban ruwa safe da yamma, saboda haka ji nake babu wanda ya fi ni sanin sabon aiki. Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko siminti in ba a ba shi ruwa ba tsagewa yake yi. Mutanen nan sun zo yi mana aiki, bai kamata mu zura ido ba."

Nan da nan aka ɗebo ruwa daga rijiya, jarka shida. Muka yaye tamfol, ni na fara kwarawa. Tururi ya tashi, kwalta ta yi ta ƙara, mu kuwa muna cewa kun ji yadda take sha, ashe ƙishirwa take ji. Da muka gama muka mayar da tamfol muka daidaita shi tsaf, muka koma gindin kanya muna jiran godiya. Ba mu ma faɗa ba, don kada a ce muna gori.

Rola ta iso. Nagoggo ya ɗaga tamfol, ya kai bayan hannunsa kusa da kwaltar, ya daɗe a sunkuye. Ya dubi laimar da ke gefen hanya. Ya dubi jarkokin da muka jera a gindin bishiya. Sannan ya dube mu, mu kuwa sai washe baki muke yi. Ya ce, "Sannunku da ƙoƙari." Muka ce yauwa, ai yi wa kai ne. Ya sa rola ta hau, ta yi ta kai da komo har La'asar, ya tattara mutanensa suka tafi. Na kwana da farin cikin na taimaki gwamnati.

Ruwan farko na damina bai bar facin nan ba. Kafin sati uku ya farfashe ya zama tsakuwa, zaren rama ya fito tsaye-tsaye, baƙin garin taya yana yawo a saman ruwa. Wani direban motar haya mai suna Zakiyyu, mutum mai baki kamar reza, ya tsayar da motarsa a tsakiyar gangaren, ya tsinto zaren ya ɗaga sama.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! An ba tsoho kwalta ya yi mana titi, ya cika ta da igiya da tsohuwar taya. Yo wannan in ba algus ba mene ne?"

Kafin Magariba maganar ta kai tashar Daura, kafin sati ta kai Baure. Nagoggo mai algus. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu ba a taɓa kama shi da cokali ɗaya na kwaltar hukuma ba, ya wayi gari in ya wuce a babur ana nuna shi da baki. Ofis ya ba shi takardar tuhuma aka saka a fayil ɗinsa. Da Injiniya ta tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi, "Zafi ne ya tsere mini kafin rola ta zo. Laifina ne." Bai ƙara ko kalma ba. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ni ma da bakina na ce a majalisa, "Kai, duniya ta lalace, har da su Baba Nagoggo?" Allah ya yafe mini.

Ita Injiniya ba ta haƙura ba. Ta ɗebi ɓaraguzan facin ta kai ɗakin gwaji, aka ce mata haɗin ba shi da aibu, dannuwa ce bai samu ba. Ta yi ta sintiri a ofis har aka gaji da ita, aka ce to, sau ɗaya tak ya rage. In ya tsaya, a cire takardar daga fayil ɗin dattijo. In ya sake watsewa, da takardar zai yi ritaya, kuma kada a ƙara jin zancen taya. Ta gaya masa sharaɗin, ya ce, "'Yata, haɗa kayanki."

Farkon bazarar bana, kwana biyu kafin aikin, ta zo gindin kanya ta yi wa mutanen gari bayani. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Maigari, alfarma ɗaya muke nema. Wannan haɗin ransa zafi ne. Dole rola ta danne shi yana da zafinsa, in ya huce kafin nan, ko giwa ce ta taka ba zai kama ba. Saboda haka ranar aiki kada wani ya yaye tamfol, kuma don Allah kada ruwa ya kusance shi."

Na dubi Maigari, na tarar shi ma ni yake kallo, carbinsa ya tsaya cak a hannu. Nagoggo yana gefe a zaune bisa baro, ya sunkuyar da kai yana kankare rodinsa da dutse.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na hau babur sai Daura. Na same shi a zauren gidansa yana cin ɗanwake. Na gaishe shi, na kasa zama a tabarma, na durƙusa a ƙasa na ce, "Baba, na zo ne in faɗa maka wani abu game da facin bara."

Ya ce, "Jarka shida."

Na ɗago kai na dube shi.

Ya ce, "Biyar rawaya, ɗaya shuɗiya mai tsagaggen murfi. Taka ce shuɗiyar, na sha ganinta a ƙofar makaranta. Zauna mana, Malam, ga ɗanwake."

Na ce, "Baba, ka sani tun ranar, ka bari ana ce maka mai algus shekara guda? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ajiye tsinken hannunsa ya ce, "In faɗa in ce me? In ce mutanen da suka ɗebo ruwa da tsakar rana don su taimake ni su ne masu laifi? Ni na bar aikina a hannun wanda ban koya wa ba. Kuma ka san halin garuruwanmu. Da na buɗe baki, har jikokinku sai an riƙa ce musu 'yan Kanyar Auta masu ba kwalta ruwa. 'Ya'yanku mata ma in sun yi aure wani gari, da shi za a riƙa yi musu tsiya. Ni kuwa mutum ɗaya ne, na ce zan iya ɗauka."

Na ce to ni yanzu zan je tasha in faɗa da bakina, in je ofis in rubuta. Ya girgiza kai. "Ba yanzu ba. In ka faɗa yau, cewa za a yi tsoho ya ga zai sake jin kunya ya sayo mai shaida. Ka bari mu zuba wannan. In ya tsallake marka, faɗi abin da ka ga dama. In bai tsallake ba, to haɗin ne ba shi da kyau, ruwanka bai ƙara komai ba, sai ka riƙe bakinka har abada. Ka yi mini alkawari." Na yi masa, na kuma ci ɗanwaken, amma ban san ɗanɗanonsa ba.

Ranar aiki na biyu, Maigari da kansa ya sa aka rufe rijiyar bakin hanya da faifan kwano, ya zauna a kai da sandarsa. Leburori suna ta mamakin wannan irin ƙwazo. Rola kuwa tun da safe aka tayar da ita aka bar ta tana ruri, Nagoggo ya ce ko man duniya za ta shanye kada a kashe. Tifa ta juye, aka baje, rola ta hau nan take. Injiniya tana bin ta da ma'auni, shi yana bin ta da bayan hannu, in ta faɗi lamba sai ya gyaɗa kai. Da yamma wurin ya kwanta baƙi wuluk, sumul.

Daga nan na shiga zaman jira. Zafin bazara ya zo ya wuce, na riƙa zuwa da tsakar rana ina danna dugadugina a kai, ban ga ya lotsa ba. Ruwan shuka ya sauka, bai yi komai ba. Amma kowa ya san ba a nan gwajin yake ba. Duk sanda hadari ya haɗu a gabas, manoma na murna, ni gabana na faɗuwa. Matata har ta fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoye mata. Zakiyyu kuwa duk wucewar da zai yi sai ya rage gudu ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, igiyar ba ta tsiro ba tukuna? Ku ba ta lokaci!"

Babban ruwan ya zo ranar wata Talata a tsakiyar marka. Tun hantsi aka fara, ba a ɗauke ba sai bayan Azahar. Ruwan gonaki ya gangaro ja wur ya shafe gangaren, ba a ganin kwalta ko kaɗan. Motoci suka yi layi ta kowane ɓangare, har da manya biyu maƙare da shanu. Duk garin ya fito. Muna nan tsaye sai ga Nagoggo a babur, jiƙe sharkaf, ashe tun ana tsuga ruwan ya baro Daura. Ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ruwan, muka tsaya tare da shi, sama da awa guda, har ruwan ya janye ya bar laka da karmami a kan hanya.

Sai ya tuɓe takalmi, ya kwance rodinsa, ya shiga.

Yana takawa cikin laka, yana jan tafin ƙafa, yana ƙwanƙwasawa, kai a karkace. Ya bi gefen dama har ƙarshe, ya dawo ta hagu, ya ratsa tsakiya. A wuri ɗaya ya tsaya ya ƙwanƙwasa sau uku. Ya sunkuya ya share lakar da hannu, ya ɗago wani ɗan dutse da ruwa ya kawo, ya jefar da shi gefe. Sannan ya miƙe ya yafito babbar motar shanun da ke gaba. Ta sauko a hankali, ta taka, ta haye. Ta biyu ta bi bayanta. Ya sake zagaya inda tayoyinsu suka bi, babu tsaga, babu lotsawa. Ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na koma na zauna a kan tushen kanya. Maigari yana ta share ido da bakin rawani yana cewa iska ce. Zakiyyu ya fito daga motarsa, ya je ya kankare wurin da makullinsa, ya yi tsalle a kai da duk nauyinsa, sannan ya cire hula ya durƙusa a cikin lakar nan ya ce, "Baba, bakina ne ya ja mini. Ka yafe ni." Nagoggo ya ce, "Tashi, kana tare wa mutane hanya."

Ni kuma na tuna alkawari ya cika. Na miƙe a gaban jama'a, da direbobi da fasinjoji, na faɗi abin da muka yi bara daga farko har ƙarshe, ban rage jarka ko ɗaya ba. Sai wuri ya kece da dariya, har masu shanu suna riƙe ciki. Ina tsaye kunya ta rufe ni, amma nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Nagoggo ya tako ya fito daga gangaren, laka har idon sawu, ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni ya ce:

"Malam Munzali, ina shuɗiyar jarkar nan taka? Yanzu ne ake bukatar ruwa."

Na ruga na ɗauko ta. Ni na zuba masa ya wanke ƙafafunsa.

Satin da ya wuce Injiniya Khairunnisa ta biyo ta garinmu ta shaida mana an cire takardar daga fayil ɗinsa, an kuma yarda a gwada haɗin a wasu wurare biyu. Shi dai ya ce kada a yi saurin murna, damina ɗaya ba ta isa shaida ba, zai ci gaba da zuwa yana takawa ko bayan ritaya. Mati ya daina ƙona ragowar tayarsa, masu igiyar garinmu sun sami sabon mai nema. Sunan da ya ji mana tsoro kuwa ya kama mu, duk tashar da ɗan Kanyar Auta ya sauka sai an tambaye shi ko kwalta ta sha ruwa yau. Muna amsawa da dariya. Mu muka saya da hannunmu, kuma ya fi mana sauƙin ɗauka a kan abin da ya ɗaukar mana.

Baba Nagoggo, kai ne ka ji dabara a bakin sa'ar 'yar cikinka ba ka raina ta ba. Kai ne ka tuna ramnon mahaifinka a lokacin da masu manyan takardu ke dariya. Kai ne aka kira da sunan da ba naka ba shekara guda, maganin abin yana kan harshenka, ka haɗiye don kada ƙauye guda ya ji kunya. Ɗan magini mai gyaran hanya, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa yadda ka daidaita wa mutane hanya kai ma a daidaita maka taka.

Ku kuma masu aikin hukuma, manya da ƙanana, ga abin koyi nan yana yawo a kan tsohon babur. Ku share ramin ko ba mai gani, ku saurari na ƙasa da ku, ku koya wa mutane kafin ku bar musu amana. Mu jama'ar bakin hanya, mu riƙa tambaya kafin mu taimaka, mu kuma riƙa bincike kafin mu kira mutum ɓarawo. In kuma kun bi hanyar Baure da safe kuka ga wani dattijo ba takalmi yana ƙwanƙwasa titi, don Allah ku rage gudu ku gaishe shi. Sunansa Malam Amadu Nagoggo, kuma bai taɓa yin algus ba.